Akwatin wasa: inda sarkin ƙarfi ya fi sarkin yawa

A shekarun 1980 da 1990, daga Tokyo har Paris, babu babban birnin da ba a samun gidajen wasannin bidiyo cikinsa. Akwatuna ne na katako masu tsayin mutum, kowane da allo irin na talbijin, da sanda, da maɓallai, da ramin jefa kuɗi. Yawancinsu sun lalace, amma wasanninsu suna nan da rai. A yau mutum yana iya sa kafinta ya ƙera masa akwatin, ya ɗora ordinater, watau kwamfuta, a cikinsa, ta riƙa kwaikwayon tsoffin injunan. Ma'aikacin da ke son faranta wa ƴaƴansa rai, da ɗan kasuwar da ke tunanin sayar da irin waɗannan akwatuna, duk tambaya guda ke jiransu: wace ƙwaƙwalwa za a saka ciki? Faransawa suna ce mata furosesar, kuma a wajen zaɓenta ne aka fi asarar kuɗi.

Wanda ya dubi tsoffin injunan zai yi tsammanin abin ba wuya. Pac-Man, da kamfanin Namco ya fitar a 1980, yana aiki da ƙwaƙwalwar Z80 mai gudun megahaz 3 da ƴan kai, watau bugu miliyan uku cikin sakan ɗaya. Street Fighter II na Capcom, a 1991, yana da Motorola 68000 mai megahaz 10, sa'annan Neo Geo na SNK, a 1990, yana da irinta mai megahaz 12. Mafi arahar ordinater ta yau ta ninka waɗannan sau ɗaruruwa. To, me ya sa wani wasan ke ɗingishi a kanta?

Dalili shi ne kwaikwayo aikin tafinta ne. Sabuwar ƙwaƙwalwa ba ta jin harshen tsohuwar, sai an fassara mata kowane umurni ɗaya bayan ɗaya, haɗe da aikin sassan sauti da na hoto, kuma dole kowane ya zo daidai lokacinsa. Manhajar da ta fi shahara a wannan aiki ita ce MAME, wadda wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara fitarwa a watan Fabrairu na 1997. Manufar masu ita tun farko ita ce adana yadda injunan suke aiki ba tare da ha'inci ba. Saboda haka duk lokacin da suka gano wani sirri na tsohon inji sukan ƙara shi, kuma sau da yawa sabon fitowa ya fi na baya nauyi ko da wasan bai sake ba.

A nan ne mai saye ke faɗawa tarko. Mai kanti yakan yi kirari da yawan zukatan ƙwaƙwalwa: wannan takwas gare ta, waccan goma sha shida. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma cikin akwatin wasa maganar ta juya. Idan sarki yana jawabi, tafinta goma ba za su gama jimla guda kafin tafinta ɗaya ƙwararre ba, domin kalmomi bi da bi suke zuwa. Haka MAME take: mafi yawan aikinta zuciya guda ke ɗaukarsa, sauran suna taimakawa ne kaɗan wajen zanen hoto a wasu wasanni. Ƙwaƙwalwa mai zukata biyu ko huɗu masu sauri ta fi mai goma sha shida masu nawa. Kazalika kuɗin da aka zuba kan katin hoto mai tsada kusan banza ne, tun da ƙwaƙwalwar ce ke zana hotunan da kanta. Adadin megahaz ma ba ya isa hujja in ba tsara ɗaya ake gwadawa ba, domin ta bana tana gama aiki mai yawa a bugu guda fiye da ta shekara goma sha biyar da suka wuce.

Hanya mafi dacewa ita ce a rubuta sunayen wasannin da ake so kafin a je kasuwa. Idan na farkon zamani ne, daga Space Invaders na 1978 zuwa na Neo Geo, ƙaramin allon nan Raspberry Pi ya wadatar. An fara sayar da shi a 2012, na huɗu ya fito a 2019, na biyar a 2023, girmansa bai wuce tafin hannu ba, kuma ba ya cin kuran. Manhajojin Recalbox da Batocera, waɗanda masu jin Faransanci za su samu da sauƙin bi, suna zuwa a shirye dominsa. Idan kuwa ana son wasannin da suka fara fitar da siffa mai kauri, irin su Tekken na 1994 da Gauntlet Legends na 1998, to tsohuwar ordinater ta biro mai Core i5 ko i3 ta fi, kuma irinta ake samu wajen masu kayan hannu na biyu. Sai dai a gwada ta da wasan mafi nauyi kafin a biya.

Gwajin ba ya bukatar malami. A cikin MAME, danna F11 yana nuna gudun wasa a kusurwar allo. In ya tsaya a kashi 100 cikin 100, ƙwaƙwalwar ta isa. In yana sauka, sauti zai riƙa yankewa. Akwai dabarar tsallake hotuna da ke ɓoye wannan rauni, don haka a kashe ta yayin gwaji. A kuma cire tsarin tsimin kuran da ke rage gudu, a hana ordinater ɗauko sababbin gyare-gyare da kanta. Abu na ƙarshe da ke sa mutane zargin ƙwaƙwalwa a banza shi ne rashin dacewa: kowane fitowar MAME yana da nasa tarin wasanni. Wanda ya sa na 0.78, na shekarar 2003, da ake yawan amfani da shi a ƙananan na'urori, cikin MAME ta yanzu, zai ga da yawa sun ƙi tashi.

Sauran magana ta ƙasa ce. Waɗanda suka tsara na'urorin ba su san Afrilu a Tahoua ko Damagaram ba, inda zafi ke wuce digiri 40 a inuwa. Raspberry Pi yakan rage gudunsa da kansa da zarar ya kai digiri 80, kuma akwatin katako rufaffe tanderu ne. Wasan da ya yi daidai da safe sai ya riƙa ja da baya da azahar. Maganinsa shi ne ƙarfen shan zafi a kan ƙwaƙwalwa, da bantilater guda mai shigo da iska daga ƙasa, wata mai fitarwa daga sama, da kyalle mai tace ƙurar hunturu wanda za a riƙa kakkaɓewa. Masu tilasta wa ƙwaƙwalwa gudun da ya wuce nata suna yi ne a ƙasashen sanyi. A nan gajarta mata kwana ne. Yankewar kuran ba zato kuma tana lalata katin ajiya, don haka ƙaramin ondiler yana cikin kuɗin akwati tun farko.

Ɗan kasuwa yana da ƙarin abin lura. MAME kyauta ce, kuma tun 2016 lasisinta bai hana ciniki da ita ba, amma tsoffin fitowarta, har da ta 2003, sun hana. Wasannin kansu kuwa mallakar kamfanoninsu ne, kaɗan ne aka saki kyauta, su ma don amfanin gida. Wanda zai karɓi dala ashirin ɗin yara, ko ya sayar da akwati cike da wasanni, ya san da haka kafin ya kira kafinta.