Kibiyar Saƙa Ma Kayan Aiki Ce

In aikin gona ya ƙare, kowane manomin kirki yakan kankare garmarsa da fartanyarsa, ya rataye su inda ruwa ba ya taɓawa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ɓata lokaci. Amma kibiyar saƙa ta matan gidajenmu, wadda waɗansu ke kira tsinken saƙa, ba ta da wurin kwana. Yau tana soke a jinka, gobe tana ƙarƙashin katifa, jibi kuwa yaro ya mai da ita mashi yana bin ƙadangare. Mu dai muna ganin wannan hasara ce, kuma ya kamata ƙungiyoyinmu su sa baki.

Waɗansu maza za su ce, "Wannan ai zancen mata ne." To, su tuna da watan Disamba da Janairu a kan dutsen Jos, ko Fankshin, ko Mambila. Jariri sabon haihuwa yakan yi saurin rasa ɗumin jikinsa, hular ulu da safa kuwa suna cikin abin da ke tsare shi. Abin da ya ragu a kai kasuwa, ya zama kuɗin sabulu da littafin makaranta a lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa. Kibiya kuma biyu biyu take aiki. In ɗaya ta ɓace, ta biyun ba ta da sauran amfani, sai an sake biyan kuɗin mota zuwa birni.

Kowace iri da abokin gābanta. Ta ƙarfe, tsatsa ce ke cinta da damina, ta kuwa ɓata farin zare. A goge ta da toka, a shafa mata ɗigon man keken ɗinki, a share da tsumma. Kada a sa man gyaɗa, gama yakan yi danƙo ya jawo tururuwa. Ta roba ba ta son zafi; in ta yini kusa da murhu ko a ƙarƙashin rufin kwano da bazara, sai ta lanƙwashe. Ta sanholo ba ta tsatsa, amma zama guda a kanta ya isa. Ta itace kuwa kakin zuma take so, domin kada ta tsage ta riƙa kama zare.

Akwai kuma zancen lamba, wanda ya fi ruɗa mutane. A tsohon lissafin Ingila, in lamba ta yi girma kibiya takan yi siriri: lamba 8 ita ce milimita 4, lamba 10 kuwa milimita 3.25. Lambar tana kan ƙulun kibiya, yau da gobe sai ta goge. In an zuba su duka a kwano ɗaya, mace ta ɗauki 8 da 10 ta haɗa, saƙar ba za ta fito daidai ba, ta yi ta zargin hannunta alhali laifin ajiya ne.

Maganin ba na kuɗi ba ne. A sami guntun atamfa mai kauri, a ninke gindinsa, a ɗinka aljihuna sirara, kowane aljihu na kibiya biyu, a rubuta lambar da zare a bakinsa. A naɗe kamar tabarma, a ɗaure. Wanda ke da gora a kusa ya yanke ta a ƙarƙashin gaɓa domin gaɓar ta zama gindi, ya toshe bakin da totuwar masara. Guntun bututun ruwa na roba ma ya yi, gara kuwa ba ta cinsa. In an tashi daga saƙa, a soka tsinin a guntun totuwa, ba a cikin ƙwallon zare ba, domin yakan tsarge zaren. A rataye sama, inda hannun yaro ba ya kai. Ido ba shi da na canji.

Ga roƙonmu ga shugabannin ƙungiya. Yadda muke sayen taki da iri tare, haka za mu iya sayen kibiyoyi masu lamba dabam dabam, a damƙa wa ma'ajin Zumuntar Mata da littafi. Wadda ta ara a rubuta sunanta da lambar da ranar mayarwa. Mun san za a ce kayan jama'a ba su da uwa, gaskiya ne kuwa in ba a rubutawa. Saboda haka a ƙidaya su a gaban kowa sau biyu a shekara, da faɗuwar ruwa da kuma bayan girbi, kafin sanyi ya sauko.