ZAGA ƘASA: Zugurma, Garin Da Matafiya Ke Wucewa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Mokwa zuwa madatsar ruwa ta Kainji da Sabuwar Bussa ya ratsa ƙasar Zugurma, ko ya sani ko bai sani ba. Direbobi ba su cika tsayawa ba, fasinja kuwa galibi barci ya riga ya kwashe su. Wannan abin takaici ne, domin kuwa garin yana riƙe da abubuwa biyu da manyan birane da yawa ba su da su, watau tsohuwar sarauta, da kuma dajin da ya zama ɓangare na gandun namun daji na ƙasa na farko a Nijeriya.

Zugurma tana cikin Ƙaramar Hukumar Mashegu, a masarautar Kontagora ta Jihar Neja, arewa maso yamma da Mokwa. Wanda ya taso daga Sakkwato zai biyo ta Jega da Yawuri da Kontagora har ya sauka Mokwa. Mutumin Abuja zai bi ta Bida da Kutigi. Na Kano da Zariya kuwa a dā hanyarsu ita ce ta Kaduna da Birnin Gwari da Tegina, amma shekaru da yawa na ta'asar 'yan bindiga sun sa mutane da dama gwammace zagaye ta Bida, ko da man fetur zai ƙaru. Daga Mokwa abin da ya rage kaɗan ne, sai a nemi motar Bussa a tasha, a gaya wa direba tun da wuri inda za a sauka.

Mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa garin da ke ƙarƙashin Sarkin Sudan na Kontagora yana da babban matsayi a tarihin Nufawa. Ga yadda abin ya faru. A farkon ƙarni na 19 gidan sarautar Nupe ya rabu biyu, Majiya da Jimada kowa yana neman gadon Etsu. Ana cikin wannan hali sai wani malami Bafillace, Malam Dendo, ya shigo tsakani, yau yana tare da wannan ɓangare, gobe da wancan, har ya kafa ikonsa a Raba, inda ya rasu a 1833. Majiya, bayan ya sha kaye, ya koma Zugurma ya zauna, zuriyarsa kuma ta ci gaba a can. Zuriyar Jimada ita ce Turawa suka zaunar a Patigi a 1898, 'ya'yan Dendo kuwa suka gaji mulki, suka mayar da Bida hedkwatarsu. Saboda haka a cikin gidaje uku da suka ja daga a kan ƙasar Nupe, biyu sun zama masarautun da kowa ya sani, na ukun kuwa yana nan a gefen hanya, ba ko allon da zai sanar da baƙo. Wanda ya je, ya fara da gaida hakimi kamar yadda al'ada ta tanada, sa'an nan ya nemi a haɗa shi da dattawa. Hausa za ta ishe shi a kasuwa da fada, ko da yake zai ji Nufanci da Fulatanci da Kambarci suna tashi a gefe.

Sai batun daji. An keɓe dajin Zugurma don namun daji a 1971, 'yan shekaru bayan kammala madatsar Kainji a 1968. A 1979 Gwamnatin Tarayya ta haɗe shi da dajin Borgu da dokar soja, suka zama Gandun Namun Daji na Tafkin Kainji. Faɗin ɓangaren Borgu ya kusa murabba'in kilomita 4,000, na Zugurma kuwa kimanin 1,370, kuma kogin Kwara ne da tafkin suka raba su, Borgu a yamma, Zugurma a gabas. Tun daga farko dai ba a yi musu rabon adalci ba. Masaukin baƙi na bakin kogin Oli, da hanyoyin zagayawa, da dorinar da ake nuna wa 'yan makaranta, duk a Borgu suke. Zugurma ta tashi da ƙarancin hanyoyi da ƙarancin ruwa, domin yawancin rafukanta ƙafewa suke yi da rani.

Duk da haka daji ne mai kyan gani ga wanda ya taso a ƙasar da itace ya ƙare. Akwai doka da maje da kawo da taura, ga kaɗanya da ɗorawa a bakin gonaki. An san shi da gwanki da kanki da mazo da gada da mugun dawa da birai iri-iri, amma kada kowa ya tafi da tsammanin zai gan su garke-garke. Mafarauta sun rage su, shanu sun cinye musu ciyawa, masu gawayi da masu yankan katako kuma suna bin itatuwa, musamman madobiya, wadda kasuwar ƙasar Sin ta sa aka yi wa wawaso a Afirka ta Yamma a shekarun 2010. A ganina, ranar da aka sare madobiyar ƙarshe a wannan daji, ba za a iya cewa talaucin mutanen karkara ne kaɗai ya jawo ba, tunda ba su ne ke da manyan motocin da ke kwashe gungumen ba.

Lokacin da ya fi dacewa da tafiya shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ciyawa ta bushe, hunturu ya sanyaya gari. Maris da Afrilu zafi ne mai tsanani. Damina kuwa a yi hattara da ita. Ambaliyar da ta auka wa Mokwa a ranar 29 ga Mayu, 2025, ta hallaka mutane fiye da 150, kuma daga nan ne hanyar take farawa.

Wajibi ne in faɗi magana mafi nauyi a fili. Dazuzzukan Kainji sun zama maɓoyar masu ɗauke da makamai a 'yan shekarun nan. A watan Oktoba na 2021 an kashe masallata a ƙauyen Mazakuka, cikin wannan Ƙaramar Hukuma ta Mashegu, suna tsakar sallar asuba. A watan Nuwamba na 2025 kuma aka sace ɗaruruwan 'yan makaranta a Papiri, ta wajen Agwara, a ƙetaren tafkin. Don haka ba na ba kowa shawarar ya kutsa daji shi kaɗai, ko ya yi tafiyar dare. Shiga gandun ma doka ta ce sai da izni, kuma da rakiyar ma'aikacin tsaron daji. Ofishin hukumar yana Sabuwar Bussa, masu lura da ɓangaren Zugurma kuwa suna Ibbi. A tambaye su halin da ake ciki kafin a taso daga gida, idan suka ce a dakata, to, a dakata.

Wanda ya sami hali ya tafi, ya kwana Mokwa ko Sabuwar Bussa, ya shiga Zugurma da hantsi, ya fito kafin la'asar. Ya cika tankinsa tun daga Mokwa, ya riƙe ruwan sha da tsabar kuɗi, kada ya dogara da waya. Ya sa riga mai dogon hannu saboda ƙudan tsando. Idan kuma ya dace da ranar kasuwa, ya bar wuri a bayan mota don doya da man kaɗe.