Ba Tsufa Ke Sa Motar Ƙungiya Shan Mai Ba

'Yan'uwa manoma, akwai wata magana da muke yawan ji a taron ƙungiyoyinmu na ƙasar Gumel. In ma'aji ya karanta kuɗin fetur aka yi gunaguni, sai wani ya ce, "Ai motar ta tsufa, dole ta sha mai." Daga nan sai a wuce zuwa wata magana. Mu dai ba mu yarda da wannan amsa ba.

Gaskiya ne motocin sun kwana biyu. Wasu ƙungiyoyi har yanzu tsohuwar akori-kura Peugeot 504 ce ke ɗaukar musu riɗi da zoɓo da wake daga Gagarawa da Sule Tankarkar zuwa kasuwar Maigatari ta ran Alhamis, irin motocin nan da aka riƙa haɗawa a kamfanin Kaduna wanda ya soma aiki a 1975. Amma motar da ke warin fetur, tana baƙin hayaƙi, tana ƙin tashi in ta yi zafi, ba shekaru ke damunta ba. Kafiretarta ce ke ba inji mai fiye da kima, kuma abu ne mai gyaruwa, sau da yawa da kuɗi kaɗan. Dā ana iya kawar da kai. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowace lita da ta fita ta salansa ba ta ƙone ba, daga buhun wani ɗan'uwa aka cire ta.

Aikin kafireta shi ne gauraya fetur da iska. In an auna da nauyi, kilo 1 na fetur yana bukatar iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone sarai. Watau abu biyu ke ɓata gaurayen: ko iska ta kasa, ko mai ya yi yawa. Hayaƙin ma yana faɗa. Baƙi na fetur ne, shuɗi na baƙin mai ne da inji ke ƙonawa, wannan kuwa wata cuta ce dabam. A kwance fulogi ɗaya a duba: in bakinsa ya yi baƙi ƙirin a bushe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa.

To, ga inda muke da ƙorafi. Abin da aka saba yi shi ne a kai motar gareji, yaron makanike ya ɗauki sukundireba ya murɗa ɗan sukurun nan na jikin kafireta har ƙarar inji ta canza, a biya shi a tafi. Wannan sukuru aikinsa daidaita mai ne sa'ad da inji ke silo a tsaye. Ba ya hana kafireta tumbatsa. Shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa, mu kuwa mun mai da shi na fari.

A fara da matatar iska. Ƙasarmu rairayi ce, ga ƙurar hunturu, matatar takan toshe da wuri. In ta toshe inji yana shaƙewa, sai ya zuƙi mai a madadin iska. A kakkaɓe ta, in ta mutu a sayi wata. Kada a cire ta gaba ɗaya a ce mota ta sami numfashi, gama yashin da zai shiga shi zai cinye ringi da silinda. Sa'an nan a leƙa cok, a tabbata yana buɗewa duka bayan inji ya ɗumama. Wayarsa takan cije ta bar shi rabi a rufe, direba bai sani ba.

In waɗannan biyu lafiya suke, sai a shiga cikin kafiretar. Akwai ɗan kwano da mai ke taruwa, a cikinsa kuma akwai wani abu mai iyo a kan man, kamar gora a kan ruwa. In kwanon ya cika, goran ya taso ya tura wata 'yar allura ta rufe ƙofar mai. Duk tumbatsar kafireta a nan take. Ƙwayar yashi guda ko ɓarɓashin tsatsa daga tanki ya isa ya hana allurar zama. Allurar takan kuma cinye, a ga zobe a bakinta. Goran kansa yakan huje ya sha mai ya nutse. A girgiza shi kusa da kunne, in an ji motsin ruwa a ciki, ya gama aiki. Ba a like shi da gam, sabo ake sawa. Ramukan jet kuma da iska ake hura su. Wanda ya zura musu waya ya faɗaɗa su, motar ta zama mashayiya ke nan har ran da aka canza su.

Dattin nan kuwa mu muke zuba shi da hannunmu. A ƙauyukan da ba gidan mai, daga jarka da kwalba ake saye, a zuba da mazurari a bakin hanya iska na kaɗa ƙura. Ɗan ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari da ƙaramar matata a kan tiyon mai sun fi kowane gyara araha.

Wani abin kuma na baya-bayan nan ne. In famfon mai na jikin inji ya mutu, akan sa na lantarki. Ba laifi, muddin na kafireta ne. Amma famfon motocin zamani marasa kafireta yana tura mai da ƙarfi wajen ninki goma na abin da allurar nan za ta iya tarewa, don haka ko sabuwar kafireta aka ɗaura za ta yi ambaliya. A tambayi mai sayarwa kafin a biya.

Direbobi, ga naku. In mota ta cika da mai ta ƙi tashi, musamman da bazara bayan an kashe ta cikin rana, kada ku riƙa tattaka totur, gama kowane taki ƙarin mai ne. Ku tura cok ciki, ku danne totur har ƙasa ku riƙe, ku ba ta makulli kamar daƙiƙa 10, ku huta, ku sake. In kun ga mai na ɗiga a kan inji, kada ku tashe ta sam. Mota ɗauke da busasshen zoɓo da harawa ba abin wasa da wuta ba ce, in kuwa ta kama, yashi ake watsa mata, ba ruwa ba.

Babbar asarar ma ba a gidan mai take ba. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa. A zaro ƙarfen awon baƙin mai a sansana. In yana warin fetur, ko an ga ya ƙaru ba wanda ya ƙara, a juye shi da zarar an gama gyaran kafireta. Ƙungiyar da ta ƙi sayen allura yau, ita za ta sauke inji a tsakiyar kaka, ta koma biyan haya, ko ta sayar wa 'yan sari a bakin gona yadda suka ga dama.

Motar amana ce a hannun kwamiti, da kuɗin gwauraye da na matasa duk a cikinta. Saboda haka muna roƙon kowane kwamiti ya ajiye littafi a motar, a rubuta litar da aka zuba da inda aka je, ma'aji ya karanta a taron wata. Hanyar Gumel zuwa Maigatari ba ta ƙara tsawo. In manta ya ƙaru, littafin zai nuna kafin hayaƙi ya nuna. A tsai da makanike ɗaya, mutum biyu na kwamiti su tsaya ana aikin, a dawo musu da tsofaffin kayan da aka cire. Gyara kuma a yi shi Litinin ko Talata, kada a bari sai daren Laraba an riga an yi lodi.