Tele ta rasa masu kallo, Hausar Nijar ta rasa teburin fassara

Akwatin talabijin, wanda mutanen Nijar suka fi sani da tele, bai mutu ba tukuna, amma sarautarsa ta kau. Yana nan a ɗaki da rumfar mai shayi, ana taruwa gabansa idan akwai ƙwallo, ko kokowar neman takobin ƙasa, ko jawabin shugaba. Sauran lokaci idon matasa yana kan waya: YouTube da TikTok ga mai kuɗin intanet, wanda ba shi da su kuwa ya nufi mai turi a bakin kasuwa, a cika masa katin waya da fina-finai a kan ƴan daloli.

Mai nazarin harshe ba shi da dalilin yi wa akwatin kuka kamar an yi rashin uwa. Talabijin ta shigo Nijar a 1964 a matsayin talabijin ta makaranta, kuma da Faransanci take koyarwa. Da aka buɗe Télé Sahel a ƙarshen shekarun 1970, babban labarun dare ya zama na Faransanci, harsunan ƙasa suka riƙa karɓar rabonsu bi da bi, kowanne da ƴan mintocinsa. Hausa ba ta taɓa zama uwargida a wannan gida ba. Abin da ake ji da Hausa a waya cikin yini guda a yau ya ninka abin da tele take bayarwa a mako.

Duk da haka akwai wani aiki da gidan talabijin da gidan rediyon Voix du Sahel suke yi ba tare da an ba shi suna ba, shi ne aikin teburin fassara. Kowace rana sai an miƙa wa mai gabatar da labarun Hausa takarda da Faransanci: sanarwar taron ministoci, kasafin kuɗi, rigakafin sanƙarau, hasashen damina. Kafin a kunna fitilar ɗakin labarai dole ya yanke shawara a kan kowace kalma, ko ya aro ta ya lanƙwasa ta, ko ya ƙirƙiro, ko ya kewaya da bayani. Wani lokaci ya dace, wani lokaci fassarar ta fito da ƙashin Faransanci a cikinta. Amma abin da ya zaɓa ana jin sa a sa'a guda daga Dogonduci har Diffa, gobe a sake, jibi a sake, har kunne ya saba. Ta haka kalma take zama ta kowa. A gefe guda kuma wasannin kwaikwayo irin na Yazi Dogo sun nuna wa mai kallo cewa maganar gidansu, da karinta da barkwancinta, ta isa a ɗauke ta a nuna wa ƙasa baki ɗaya.

Hausar da ta cika intanet kuwa galibi ta Kano ce. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina, da Izzar So da ya yi suna a YouTube, da fina-finan Indiya da ake fassarawa, su ne abincin kunnen ɗalibin Maraɗi da na Damagaram. Wannan ba laifin Kano ba ne. Ta yi aiki, ta samu kasuwa. Sai dai na'urar da ke zaɓa wa mai kallo abin da zai gani yawan idanu take ƙirgawa, kuma arewacin Najeriya ya fi Nijar yawan jama'a nesa ba kusa ba. Saboda haka yaron Tawa da ke son bidiyonsa ya yi nisa yakan ajiye shina da munka da gidanai, ya ɗauki yana da muka da gidansa. Lakkwal da lokotoro da mushe suna komawa kalmomin ban dariya, jika da dala su ba naira wuri. Abin mamaki, wasu da suka daɗe suna ƙorafi a kan aron Faransanci suna haɗiye aron Ingilishi ba ko tari, don ya zo musu cikin rigar Hausa.

Lamarin ya ƙara nauyi tun 2025, lokacin da sabon kundin da ke jagorantar mulkin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Harshen da aka ɗora wa wannan kaya yana buƙatar kalmomin shari'a da na haraji da na asibiti waɗanda aka yarda da su. Ƙa'idar rubutu ta 1999 ta daidaita haruffa, ba ta samar da kalmomi ba. Idan teburin fassara ya rasa masu sauraro, to mai yawan mabiya ne zai gaje shi, shi kuma ba wanda zai tambaye shi hujja.

Maido da jama'a gaban akwati ba mai yiwuwa ba ne, kuma ba shi ne abin nema ba. Abin da ya kamata shi ne gidan talabijin na ƙasa ya ɗauki labarunsa na Hausa da na sauran harsuna a matsayin babban kaya a intanet, a yanka su gajeru yadda waya take so, a rubuta musu take da ƙa'idar rubutun ƙasa. Tsofaffin kaset na labarai da wasanni kuwa taska ce ta Hausar Nijar ta kusan shekara hamsin, kuma zafi da ƙura ba su san darajar kaset ba. Malamai da ɗaliban harshe a jami'o'in Yamai da Zinder da Maraɗi da Tawa, tare da cibiyoyi irin su IRSH da CELHTO, suna iya neman izinin kwafe su, a rarraba wa ɗalibai su rubuta abin da aka faɗa, a fitar da jerin kalmomin da masu fassara suka yi amfani da su shekara bayan shekara. Da yawa daga cikin waɗannan masu fassara sun yi ritaya amma suna raye, kuma sun san dalilin da ya sa suka zaɓi wata kalma suka bar wata. Hira da mutum guda daga cikinsu ta ishi ɗalibi kundin kammala digiri.