Makau Ya Sauka A Garinmu

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma yau a ɗan filin nan da ka saba ba ni. Maganar da na zo da ita ta littafi ce da majigi, da abin da suke nuna mana game da ɗan Adam.

Jama'a, kun san littafin nan Shaihu Umar, wanda Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta yana malamin makaranta a Bauci, aka buga shi a 1934. A 1976 Malam Adamu Halilu ya mai da shi majigi, Malam Umaru Ladan ya fito a Shaihun. Majigin nan ya daɗe a ajiye har aka kusa mantawa da shi, sai aka gyara shi, aka nuna a birnin Balin na ƙasar Jamus a 2018. Mu mutanen Makarfi muna da rabo cikin labarin, gama da aka kori Makau daga Kagara, garinmu ya zo ya zauna.

To, wane ne Makau? Mijin uwar Umar ne, mutumin kirki, ya riƙe agolansa kamar ɗan cikinsa. Mahassada suka yi masa sharri wurin sarki, suka ce ya ɓoye bayin da ya kamo, aka kore shi. Duk mai karatu sai ya ji tausayinsa. Amma ku dakata mu duba. Ina Makau ya tafi kafin a yi masa sharrin? Hari ya tafi, ya kamo 'ya'yan wasu. Su kuma waɗannan ba su da uwaye ne? Haka kuma Abdulkarim, Balaraben da ya tafi da Umar ƙasar Masar, ya mai da shi ɗa, ya sa shi karatu har ya zama babban malami: fataucin bayi ne sana'arsa. Uwar Umar kuwa ta fita neman ɗanta, aka kama ta, aka sayar, ta sha wuya shekara da shekaru, ba ta daɗe da ganinsa ba ta rasu.

A nan ne na ga hikimar mawallafin. Bai ba mu mugu mai ƙaho ba, balle mu zage shi mu huta. Ya ba mu mutane masu alheri a gida, masu cin amanar ɗan Adam a waje, kuma ba su ga laifin kansu ba, don kowa haka yake yi a zamaninsu. Lalle mutum tara yake bai cika goma ba. Ku tuna fa, sa'ad da littafin ya fito ba a gama kashe bauta a Arewa ba, sai a 1936 doka ta ƙarasa ta.

Littafi da majigi kowa da aikinsa. Littafi yana shigar da kai zuciyar mutum, ka ji abin da yake saƙawa. Majigi kuwa fuska yake nuna maka. A takarda kalmar bayi baƙaƙe ne ƙwaya huɗu, ido ya wuce su nan da nan. Amma in ka ga mutane a bango ana kora su cikin rairayi, ga ƙishirwa, ga gajiya, sai jikinka ya yi sanyi. Gani ya kori ji.

Kada wani ya ce wannan tsohon zance ne. A zamaninmu an sace mutane a hanyoyin Jihar Kaduna, an yi cinikin fansarsu ta waya kamar ana cinikin damin rake. Mai kai wa ɓarayin nan labari ko abinci, wataƙila shi ma yana tausayin 'ya'yansa a gida, kamar Makau.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana malaman makaranta na Ikara da Makarfi da Kudan, in kuna karanta wa yara Shaihu Umar, kada ku tsaya ga tambayar garin da aka haifi Umar. Ku tambaye su, ina uwayen bayin da Makau ya kamo? Yaron da ya yi shiru yana tunanin amsar, ya fara sanin darajar mutum.

Allah ya sa mu gane. Haza wasalam.

Ni ne naku,
Malamin Makaranta, Makarfi.