Kafin ka zagi firintarka, duba ko ragarka tana yoyo

Jama'a, akwai ƙorafin da nake yawan ji daga masu sabuwar firintar 3D: "Injin nan ba shi da kyau, ya bar min rami a tsakiyar aiki." A ganina, sau da yawa injin ba shi da laifi ko kaɗan. Abin da aka miƙa masa shi ya buga. Ɓarnar tana faruwa tun a manhajar zane, lokacin da ka danna maɓallin fitar da fayil, kuma can ya kamata a gyara ta.

Idan ka zana silinda a Fusion ko FreeCAD ko SolidWorks, manhajar da lissafi take riƙe da ita: da'ira cikakkiya, mai ciki da waje. Da zarar ka mayar da ita STL, lissafin ya tafi. Abin da ya rage raga ce ta ƙananan alwatika da aka jera a jikin abin. Kamfanin 3D Systems ne ya fito da STL tun 1987, kuma abin da fayil ɗin ke ajiyewa game da kowace alwatika kusurwoyinta uku ne da wata kibiya mai nuna inda waje yake. Shi ke nan fa. Babu launi, babu ma'auni, bai ma rubuta cewa wannan alwatikar maƙwabciyar waccan ce ba.

Wannan ragar ce manhajar yanka, wato su PrusaSlicer da Cura da OrcaSlicer, ke yankawa hawa-hawa. A kowane hawa tana neman layin da ya zagayo ya rufe, domin ta san inda za a zuba roba da inda za a bari fanko. Ƙa'idar ɗaya ce: kowane gefe alwatika biyu ne za su raba shi, ba ɗaya ba, ba uku ba. Ka ɗauki abin kamar randa. In an cika ta da ruwa, kada ko ɗigo ya fita.

Ramin da ido ke gani mai sauƙi ne. Wanda ke cin mutane shi ne wanda a allo komai lafiya lau. Akwati biyu da suka taɓa juna a gefe ɗaya tak: alwatika huɗu ke raba gefen, sai manhajar ta rasa ina ne ciki. Ko bango da aka zana a matsayin fuska kawai, ba shi da kauri, abin da ke yawan samun masu SketchUp da Blender. Ko fuskar da kibiyarta ta juya ciki.

Na san wani zai ce, ai manhajar yanka tana gyarawa da kanta. Haka ne, PrusaSlicer ma tana saka alamar gargaɗi kusa da sunan fayil, ta faɗa maka kurakuran da ta taɓa. Amma canka take yi. Ba ta san ramin da ka bari don sukurori ba, ba ta san wanda kuskure ne ba. Idan 'yar tsana ce ta ado, to ka bari ta canka, ba wani abu. Amma idan murfin akwatin batir ne ko giya da dole ta shiga wata giyar, ban yarda ka miƙa mata wannan hukuncin ba. Aikin awa takwas ne zai lalace, ga zaren roba, wanda a wurare da yawa sai an yi odarsa daga waje an jira.

Abin da nake ba da shawara ba ya ɗaukar minti biyu. Kafin ka fitar da fayil, tambayi manhajar zanenka girman cikin abin. Idan ta ba ka lamba, galibi jiki ne rufaffe. Idan ta kasa, akwai yoyo. SketchUp yana nuna wannan a Entity Info, Blender yana da 3D Print Toolbox mai haska gefunan da ke da matsala, a Fusion kuma Stitch ke ɗinke fuskoki su zama jiki ɗaya. Sassan da ke taɓa juna da ƙyar, ka tura su su shige cikin juna da kamar milimita 0.1, sannan ka haɗe su.

Sai maganar laushin raga. Wasu suna murɗa shi har ƙarshe wai don inganci. Kowace alwatika a STL tana cin bayit 50, ke nan miliyan ɗaya megabayit 50 ne, alhali bakin firintar da yawancinmu ke da ita milimita 0.4 ne. Kaucewar milimita 0.01 ta wadatar. Fiye da haka kwamfutarka kawai kake wahalarwa.

Game da STL ɗin kansa, ni na ga lokaci ya yi da za mu daina ɗaukarsa a matsayin zaɓin farko. 3MF ya fito tun 2015, da hannun Microsoft da Autodesk da HP a ciki. Yana rubuta ma'auni, kuma kowace kusurwa sau ɗaya yake ajiye ta, alwatika su yi tarayya a kanta. Ka ɗauka kana Amurka ka yi zane da inci, ka tura wa abokinka a Kumasi STL. Manhajarsa za ta karanta lambobin a matsayin milimita, abin ya fito ya ƙanƙance sau 25.4. Da 3MF wannan ba ya tasowa. Idan kuma mai buga maka yana amfani da PrusaSlicer, tun fitowar 2.5 a 2022 tana buɗe STEP kai tsaye, sai ka tura masa jikin da lissafinsa.

Kada dai a fahimce ni ba daidai ba: 3MF ba ya toshe rami. Raga mai yoyo, duk fayil ɗin da ka saka ta, da yoyonta za ta isa. Saboda haka ko da wanne ka fitar, bayan an yanka ka ja sandar duba hawa daga ƙasa zuwa sama a hankali, ka tsaya a duk inda akwai ramin sukurori ko mahaɗar sassa biyu, kafin ka tura wa firinta.