A kan tudu ake tsaron kifin tabki

A bakin teku, in an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan daɗi kan sirka na gishiri, kifi ya guje wa gaɓa na ƴan kwanaki, sannan ya komo. Mu a Arewa ba mu da teku. Tabkunan Dallol Mawri, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, su ne abin da masuncinmu ya dogara da shi. Kuma tamu ɓarnar ba ta ƴan kwanaki ba ce.

Ruwan da ya sauka bisa tuddan da aka sare wa itatuwa ba ya nutsewa. Sai ya bi koramu da gudu, ya kwaso laka, rairayi da sharar gari. Laka kan toshe wa karfasa numfashi. Tarwaɗa ce ke jurewa, don tana shaƙar iska a sama. Rairayi kuwa, in ya kwanta ya kwanta ke nan: zurfin tabki ya ragu, ya ƙafe tun kifi bai yi ƙwari ba. Masunci ya yi asara, mai suyar kifi ta rasa jari.

Maganin ba baƙo ba ne. Bayan ambaliyar 2002, mutanen Dogon Dutsi sun jera duwatsu, sun haƙa ramukan rabin wata a gangaren tudu domin karya ƙarfin ruwa. Abin da ya tsare gidaje zai tsare tabki. Saura hukumomi da ƴan kasuwa su sa hannu tun da rani, gama da sanyin safiya ake kama fara.